Likita a Cikin Waya: Matsayin Harshe a Sa Idon Gwamnatin Jiha Kan Duba Marar Lafiya Daga Nesa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A kan wannan magana aikin likita ya ginu tun fil azal, domin sai ya ga marar lafiya ido da ido, ya taɓa jikinsa, ya duba idonsa da harshensa, sannan ya rubuta magani. Yau kuwa zamani ya kawo mu inda ji yake neman korar gani. Mutum yana kwance a ɗakinsa a Shadawanka, likita yana zaune a Legas ko Abuja, babu abin da ya haɗa su sai wayar salula, amma a yi tambaya, a ba da amsa, har a rubuta magani.

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin duba abubuwa uku. Na farko, sunan da ya dace mu kira wannan sabon al'amari da shi a Hausa. Na biyu, wane ne doka ta ɗora wa alhakin sa ido a kansa, kuma ina rabon gwamnatin jiha a ciki. Na uku, wanda shi ne ya fi shafar mu ɗaliban harshe, shi ne nuna cewa idan aka raba likita da marar lafiya, to harshe kaɗai ya rage a tsakaninsu, don haka duk sa idon da bai kula da harshe ba ragagge ne. Na ɗauki Shadawanka da ke cikin garin Bauchi a matsayin misali saboda nan nake zaune, kuma saboda wani dalili na harshe da na doka da zan bayyana a gaba.

2.0 Ma'anar Kalmomi

2.1 Duba Marar Lafiya Daga Nesa

Kalmar da Turawa suke amfani da ita, wato “telemedicine”, haɗin gambiza ce. Gaɓar farko daga Girkanci take, ma'anarta nesa, kuma ita ce dai a cikin kalmomin da suka ba mu talabijin da tarho da tangarahu. Sauran kalmar kuwa daga Latinanci take, tana nufin aikin magani. Ke nan abin da ake nufi shi ne yin aikin likita alhali akwai tazara tsakanin mai dubawa da wanda ake dubawa, ta hanyar kiran waya, ko saƙon tes, ko hoto, ko bidiyo.

Kamar yadda muka koya a aji, Hausa tana da hanyoyin karɓar baƙon abu. Akwai aro tare da hausantarwa, kamar yadda muka sami likita da asibiti da kati daga Ingilishi. Akwai faɗaɗa ma'ana, kamar allura, wadda muka aro daga Larabci da ma'anar abin ɗinki, daga baya ta ɗauki ma'anar wadda ake yi wa marar lafiya. Ita kanta waya da farko zaren ƙarfe ce, yau ga ta a aljihun kowa babu ko zare ɗaya a jikinta. Haka manhaja, wadda a da tsarin karatu kawai take nufi, yanzu ta zama sunan abin da ake saukewa a cikin waya. Sannan akwai ƙirƙira ta hanyar bayyana aikin abu, kamar jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa.

A ganina aro ba zai yi mana amfani a nan ba, domin kalmar ta yi tsawo kuma ba ta gaya wa Bahaushe komai. Ƙirƙira ta fi. Ana iya cewa “duba marar lafiya daga nesa” idan ana son cikakken bayani, ko “likitancin nesa” idan ana son gajeren suna da zai shiga takardar doka. Shi kuwa babban fagen da ya haɗa da adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta, da tura saƙon tunatarwa ga masu juna biyu, da sayar da magani ta intanet, ana iya kiransa “kiwon lafiya ta na'ura”. Da waɗannan sunaye zan yi amfani a nan.

2.2 Sa Ido

Wannan kalma tana da fuska biyu. A harshen hukuma da na gidajen rediyo, sa ido shi ne bibiyar aiki don a tabbatar ana bin ƙa'ida. Amma a harshen unguwa, ɗan sa ido shi ne mai shiga abin da ba ruwansa. Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne, domin idan aka ce wa matar aure gwamnati tana sa ido a kan hirarta da likita, abin da za ta fahimta shi ne ana sauraren sirrinta. Alhali abin da ake nufi shi ne a sa ido a kan likitan da kamfanin, don a kare sirrin nata. Muna da tsohuwar kalma da ta fi kusa da manufar, wato duba-gari, ma'aikacin nan da yake zagayawa tun zamanin En'e yana duba randa da kwata da mahauta. Abin da ake bukata yau shi ne duba-garin da zai iya leƙa asibitin da ba shi da gini.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na shekarar 2001. A shekarar 2007 hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, suka fara gwajin likitancin nesa ta hanyar tauraron ɗan'adam na NigComSat-1, inda aka haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da wasu cibiyoyin lafiya na tarayya guda shida. Tauraron ya daina aiki a watan Nuwamba na 2008, ba a harba madadinsa ba sai a watan Disamba na 2011.

Abin da ya buɗe ƙofar sosai shi ne annobar korona. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, kuma a watan Maris na wannan shekara Gwamnan Jihar Bauchi, Bala Muhammad, ya kamu da cutar. A wannan lokaci mutane suka ji tsoron zuwa asibiti, sai waya ta zama mafita, kamfanoni masu haɗa likita da marar lafiya ta manhaja suka yawaita. A shekarar 2023 aka naɗa Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan asalin Misau a wannan jiha tamu, Ministan Lafiya, kuma a 2024 ma'aikatar ta ƙaddamar da wani shiri na ƙasa don tsara kiwon lafiya ta na'ura.

4.0 Wa Ke da Alhakin Sa Ido?

4.1 Rabon Gwamnatin Tarayya

Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa Majalisar Tarayya wasu al'amura da jiha ba ta da ikon yin doka a kansu. Daga ciki akwai sha'anin waya da sadarwa, da magunguna da guba, da sana'o'in ƙwararru da majalisar ta ayyana, da kuma sha'anin soja. Idan mai karatu ya lura, kusan duk ginshiƙan likitancin nesa suna cikin wannan jeri. Layin wayar yana ƙarƙashin hukumar NCC. Lasisin likitan yana hannun majalisar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, wadda littafinta na ɗa'ar aikin likita ya yi magana a kan likitancin nesa, ya kuma ja kunnen likitoci game da sirrin marar lafiya da tura shi asibiti a kan lokaci. Ingancin magani aikin NAFDAC ne, wadda aka kafa a 1993. Rajistar kantin magani kuwa, har da mai sayarwa ta intanet, aikin majalisar masu harhaɗa magunguna ce.

Game da sirri, sashe na 37 na Tsarin Mulki ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da hirarsa ta tarho. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanin rashin lafiyar mutum sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko wasu dalilai da ta lissafa. Sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman. Ke nan dokoki suna nan, sai dai a warwatse suke. Har zuwa shekarar 2024 babu wata doka guda ɗaya ta tarayya da aka keɓe wa likitancin nesa kaɗai.

A nan tsarinmu ya bambanta da na Amurka. A can kowace jiha ce take ba likita lasisi, kuma a ƙa'ida likita yana bukatar lasisin jihar da marar lafiya yake zaune kafin ya duba shi ta waya. A Nijeriya kuwa lasisi ɗaya ne, likitan da ya yi rajista yana iya aiki daga Badagiri har Gamawa. Indiya, wadda ita ma tarayya ce, ta fitar da ƙa'idojin likitancin nesa na ƙasa baki ɗaya a watan Maris na 2020.

4.2 Rabon Gwamnatin Jiha

To me ya rage wa jiha? Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Jiha ce take gudanar da manyan asibitocinta ta hannun hukumar kula da asibitoci. Ita ce take jagorantar ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka ta hannun hukumar kiwon lafiya a matakin farko. Ita ce take yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, ta duba su, ta rufe wanda ya saɓa ƙa'ida. Legas ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki, wato HEFAMAA, a 2006, Kano ma tana da tata mai suna PHIMA. A Bauchi, bayan Ma'aikatar Lafiya, akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta BASHCMA, wadda take biyan kuɗin maganin waɗanda suka shiga shirin. Bugu da ƙari kwamishinan lafiya na kowace jiha yana da kujera a Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda ake tsara manufofi.

Matsalar ita ce duk wannan iko an gina shi ne a kan gini. Mai duba asibiti ya saba ya ƙirga gado, ya leƙa ɗakin haihuwa, ya ga takardar likita a rataye a bango. Amma asibitin da yake cikin waya ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Kamfanin yana iya kasancewa a Legas, likitan a Fatakwal, na'urar adana bayanan a wata ƙasa, marar lafiyar kuma a Bauchi. Idan abu ya ɓaci, asibitin jiha za a kwaso shi a kawo. Wato jiha ce take ɗaukar wahalar, ko da ba ita ta ba da lasisin ba.

4.3 Misalin Shadawanka

Shadawanka ta nuna wannan sarƙaƙiya a fili. A nan barikin soja yake, mazaunin Birged ta 33 ta masu manyan bindigogi. Wurin shan magani na cikin bariki na soja ne, ba ya ƙarƙashin jiha. Da zarar an fito ƙofa kuwa, asibitin kuɗi na unguwa yana ƙarƙashin jiha. Idan ciwo ya yi tsanani, ko dai a nufi Asibitin Ƙwararru na jiha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda na tarayya ne. Mutum ɗaya yana iya ratsa hukumomi uku a yini ɗaya. Yanzu ga na huɗu ya shigo, wanda yake cikin aljihunsa, kuma shi ne wanda babu mai ganinsa.

5.0 Inda Harshe Ya Shigo

Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da marar lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu. Sashen ya ƙara da cewa, gwargwadon iko, a yi wannan bayani cikin harshen da marar lafiya yake fahimta, tare da la'akari da matsayin karatunsa. Wannan sashe namu ne, mu ɗaliban harshe. A asibiti, idan baki ya gaza, hannu da ido suna cike gurbi: marar lafiya ya nuna wurin da yake masa ciwo, likita ya latsa ya ga ya yamutsa fuska. Jiki magayi, in ji Hausawa. A waya kuwa jiki ba ya magana, sai baki ko rubutu. Bari mu duba wurare biyar da ake iya yin tuntuɓe.

5.1 Baƙaƙe Masu Lanƙwasa, Tsawon Wasali da Karin Sauti

Yawancin masu rubuta saƙo a waya ba sa sanya ƙ da ɗ da ɓ, kuma daidaitaccen rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. A hirar yau da kullum muhallin magana yana warware wannan. A batun lafiya kuwa kuskure ɗaya ya isa. Dubi waɗannan:

(a) “Yaron yana kuka saboda ciwon kashi.” Shin ƙashi ake nufi, ko kuwa kashi na bayan gida? Ga kuma kashi na uku, wanda yake nufin rabo, kamar a ce a raba magani kashi biyu.

(b) “Ta yi bari jiya.” Idan an rubuta ɓari, mace ce ta rasa cikinta, kuma tana iya zubar da jini har ta halaka. Akwai kuma ɓari na karkarwar jiki, wanda masassara take sawa. Ga kuma bari na dainawa.

(c) “Akwai kari a wuyansa.” Ƙari, wato tsiron da yake fitowa a jiki, abu ne da likita ba zai yi wasa da shi ba, amma idan lanƙwasa ta faɗi, kalmar ta tashi daga ma'anarta.

Likita Bahaushe yana iya cankar abin da ake nufi. Amma likitan da ya koyi Hausa sama-sama, ko manhajar da take fassara da kanta, ba su da wannan gata.

5.2 Kalma Ɗaya, Ma'ana Da Yawa

Kalmar ciki tana nufin tumbi, tana nufin juna biyu, tana kuma nufin kishiyar waje. Kalmar shawara tana nufin abin da ake zuwa nema wurin likita, tana kuma nufin ciwon da yake mayar da ido rawaya. Idan mace ta rubuta “ina da shawara”, wanne take nufi? Kalmar jini tana iya zama hawan jini, ko ƙarancin jini, ko jinin al'ada. Ita kuwa rana ta fi su duka rikici a wajen shan magani, domin “sha ɗaya a rana” yana iya zama sau ɗaya a yini, wani kuma ya fahimci da tsakar rana ake sha.

5.3 Sunayen Cututtuka

Yadda Bahaushe ya rarraba cututtuka dabam yake da yadda likitancin asibiti ya rarraba su. Sanyi a bakin Bahaushe ya haɗa mura, da ciwon gaɓoɓi, da cututtukan mara, har da wasu da ake ɗauka ta saduwa. Basir ya wuce tsiron dubura kaɗai, mutane suna jingina masa kumburin ciki da ciwon baya da raunin mazakuta. Wanda ya fi haɗari a wurinmu shi ne zazzaɓi. Da an ce zazzaɓi sai hankali ya tafi kan cizon sauro, alhali Bauchi tana cikin jihohin da suka fi fama da zazzaɓin Lassa a shekarun nan, tare da Ondo da Edo. A kwanakin farko alamominsu suna kama da juna, gwajin jini ne yake rarrabewa, kuma maganin Lassa ya fi amfani idan an fara shi da wuri. Likitan da yake nesa, wanda bai san inda marar lafiya yake zaune ba, idan ya ji zazzaɓi ya ce a sayi maganin maleriya, to an yi asarar kwanaki masu tsada, kuma an bar mutanen gida cikin haɗarin kamuwa.

5.4 Kunya da Sakaya Zance

Tarbiyyar Bahaushe ba ta yarda a ambaci wasu abubuwa kai tsaye ba. Mace ba za ta ce tana da ciki ba, sai ta ce ta yi ɓatan wata, ko jikinta ya yi nauyi. Ba za ta ce tana haila ba, sai ta ce tana fashin salla. Namiji zai ce yana da larura a gabansa. Akwai magungunan da ba a ba mai juna biyu, don haka likitan da bai gane ɓatan wata ba yana iya cutar da rai biyu. Daɗin daɗawa, a gidaje da yawa wayar ta maigida ce, shi ne yake kira, shi ne yake bayani a madadin matarsa, ita kuma tana gefe tana jin nauyin gyara masa. Idan aka turo sakamakon gwaji ta saƙo, wa zai fara karantawa? A nan batun harshe da batun sirri suka haɗu.

Sai dai a yi adalci, waya tana da nata alherin ta wannan fuska. Akwai wanda ba zai iya kallon idon likita ya faɗi damuwarsa ba, amma a waya ya saki baki. Ga kuma sauƙin kuɗin mota da bin layi, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga da yake bukatar tuntuɓar likitansa a kai a kai.

5.5 Karin Harshe da Barikanci

Hausar Bauchi, wato Bausanci, tana da siffofinta. Sau da yawa ba ta rarrabe jinsi a mahaɗi, sai ka ji an ce rigan maimakon rigar. Tana kuma jinkirta karɓau kaikaitacce, a ce “na kawo magani ma yaro” a inda daidaitacciyar Hausa za ta ce “na kawo wa yaro magani”. A arewacin jihar kuma akwai Guddiranci. Ban da wannan, dubban mutane a jihar nan Hausa harshensu na biyu ne, na farkon shi ne Fulatanci ko Jaranci ko Sayanci ko Geranci ko Warjanci.

A Shadawanka abin ya ƙara armashi, domin bariki ya tara mutane daga kowane lungu na ƙasar nan. Tun zamanin Turawa Hausa ta zama harshen soja, har aka sami nau'in da ake kira Barikanci, wanda yake zubar da jinsi da karin sauti da lanƙwasar baƙaƙe. A kasuwar mami nakan ji an ce “ya zo” alhali mace ake nufi, a kuma cakuɗa Hausa da Turancin buroka a jimla ɗaya. Idan irin wannan mai magana ya kira ya ce “yaro ba shi da lafiya, yana zubar da jini”, sanin namiji ne ko budurwa zai iya sauya dukkan tunanin likita. Saboda haka bai isa kamfani ya ce yana da mai jin Hausa ba. Tambayar ita ce, wace Hausa?

6.0 Darussa Biyu Daga Tarihi

A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya bazu ta waya cikin dare ɗaya yana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da wasu kimanin ashirin a asibiti. Saƙon ya yi tasiri ne domin ya zo cikin harshe mai sauƙi, daga bakin ɗan'uwa. Darasin shi ne idan hukuma ba ta yi wa mutane magana da harshensu ba, wani zai yi.

Na biyu daga Ruwanda yake. A 2016 wani kamfani mai suna Babyl ya fara duba marasa lafiya ta waya a can, tare da haɗin gwiwar gwamnati, kuma ya sami karɓuwa ƙwarai. A 2023 uwar kamfanin da ke Ingila ta durƙushe, aikin ya tsaya. Darasin shi ne kamfani yana iya mutuwa, amma marar lafiya da bayanansa suna nan, dole a san hannun da za su koma. Tun a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa likitancin nesa ya zama ƙari a kan zuwa asibiti, kada ya maye gurbinsa.

7.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, ga abin da nake ganin jiha za ta iya yi ba tare da ta shiga gonar tarayya ba:

1. Duk kamfanin da yake son duba mazauna jihar ta waya ya yi rajista da Ma'aikatar Lafiya kamar kowane asibitin kuɗi, ya ba da adireshi da sunan likitan da zai amsa tambaya idan an sami matsala.

2. Kowane likita ya faɗi sunansa da lambar rajistarsa a farkon hira, ya tambayi garin da marar lafiya yake, da kuma ko wayar tasa ce.

3. Bayanin neman yarda ya kasance da Hausa, a rubuce da kuma a murya, domin wanda bai iya boko ba. Danna “na yarda” a ƙarƙashin dogon Turancin da mutum bai karanta ba ba yarda ba ce.

4. Umarnin shan magani ya fito dalla-dalla: ƙwaya nawa, da safe ko da dare, kwana nawa. A daina cewa cokali kawai, a faɗi ƙarami ne mai cin mililita 5 ko babba mai cin 15.

5. A fitar da jerin alamomin da ba a yarda a yi maganinsu ta waya ba, kamar zubar jini ga mai ciki, da jijjiga, da sanƙarewar wuya, da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, tare da sunan asibiti mafi kusa.

6. A buɗe layin kai ƙara da ake amsawa da Hausa da Fulatanci, a yi ta shelarsa a gidan rediyon jiha.

7. A kafa kwamitin da zai haɗa likitoci da ungozomomi da masana harshe don tsara ƙamus na kalmomin lafiya. An taɓa yin irin wannan gyara a aikace, lokacin da aka fara fifita “cuta mai karya garkuwar jiki” a kan sunayen da suke tozarta masu ɗauke da ita.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala na nuna cewa lasisin likita da layin waya da ingancin magani suna hannun tarayya, amma rajistar wurin jinya da ɗawainiyar marar lafiya suna wuyan jiha. Na kuma nuna cewa sashe na 23 na dokar 2014 ya mayar da harshe haƙƙin marar lafiya, kuma wannan haƙƙi ya fi shiga haɗari a waya fiye da a ɗakin likita.

'Yan'uwana ɗalibai, akwai aiki a gabanmu wanda ba sai mun jira kowa ba. Kowannenmu ya ɗauki littafi ya zauna da tsofaffin unguwarsu, ya tattara kalmomi ashirin na ciwo da alamominsa, ya rubuta kowace da lanƙwasarta da tsawon wasalinta da karin sautinta, ya kawo jimlar da aka yi amfani da ita, ya kuma nuna garin da ya ji ta. Kada a rubuta sunan kowa ko ciwon wani. Idan aji ɗaya mai mutum hamsin ya yi haka, an sami kalma dubu, ko da wasu sun maimaitu. Daga nan ake fara ƙamus, kuma irin wannan ƙamus ne mai duba-garin gobe zai riƙe a hannunsa idan ya je auna ko likitan cikin waya yana jin abin da mutanenmu suke faɗa masa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.